Nazarin lamari: babur mai rawa da mahayin da ya faɗi sau biyu a lanƙwasa ɗaya

## Mahayin da baburinsa

Mutumin da wannan nazari ya bi sawunsa yana da shekara 34, nauyinsa kilo 62, kuma ya shafe shekara shida yana hawan ƙaramin babur mai injin cc 125 kafin matsalar ta taso. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa tuƙi. Wani abokinsa ne ya nuna masa giya da kuloci da totur a yammaci guda, sauran kuwa hanya ce ta koya masa. A tsawon waɗannan shekaru bai cika wuce gudun kilomita 40 a awa ba, domin zirga-zirgarsa duk a cikin cunkoso take, kuma bai taɓa yin faɗuwar da ta kai a ambata ba. Saboda haka yana ɗaukar kansa gwani, kuma da wuya a ga laifinsa a kan hakan.

Da wurin aikinsa ya canza, sai tafiyarsa ta kullum ta koma kilomita 28 zuwa da 28 dawowa, mafi yawanta a buɗaɗɗiyar kwalta. Ya rabu da ƙaramin babur ɗin ya sayi na hannu mai injin cc 250, wanda nauyinsa ya kusa kilo 150. Birkin gabansa na faifai ne mai aiki da mai, na baya na ganga ne, kuma ba shi da na'urar ABS da ke hana taya ƙullewa. Ya sa aka ɗaura masa akwati a can ƙarshen kariya, bayan tayar baya, inda yake zuba kayan aikin da suka kai kilo 15.

Wurare biyu ne a hanyar suka shafi abin da ya biyo baya. Na farko miƙaƙƙen titi ne mai tsawon kimanin kilomita tara, wanda haddin gudunsa 100 ne. Na biyu lanƙwasa ce zuwa hagu a ƙarshen wani gangare, wadda da za a ƙarasa ta ta zama cikakkiyar da'ira, to daga tsakiyarta zuwa bakinta zai kai mita 40. A gefenta na waje akwai tsakuwa da turakun siminti.

## Mako na 1 zuwa na 3: alamun farko

Tun a makon farko ya lura cewa idan ya saki totur yana gangarowa, gudu ya sauko tsakanin 70 da 60, sai kan babur ya shiga karkarwa, musamman idan ya ɗaga hannu ɗaya don gyara gilashin hular kwano. A miƙaƙƙen titin kuma, da zarar ya doshi 90, sai ya ji babur ɗin gaba ɗaya yana layi a ƙarƙashinsa. Duka biyun rawa yake kiransu, kuma a wurinsa cuta ɗaya ce.

Abu na uku shi ne lanƙwasar. Idan ya shige ta da gudun 40 yakan fita lafiya, amma duk ranar da ya makara ya shige ta da 50, sai ya ji babur ɗin ya ƙi juyawa, yana ta janye shi zuwa waje. A mako na uku, da safe, kwalta a bushe, ya shiga da gudun da ya kusa 50. Ya ga turakun suna matsowa, ya kafa wa ɗaya daga cikinsu ido, ya saki totur, hannayensa suka sage, babur ya ƙi ƙara kwanciya har ya sauka kan tsakuwa. Tayar gaba ta zame, ya faɗi da gudun da bai wuce 20 ba. Gwiwarsa ta ƙuje, madubi ɗaya ya fashe.

Bayanin da ya ba kansa a ranar shi ne an sayar masa da babur mai lahani, wataƙila wanda ya taɓa yin haɗari har shasi ya lanƙwashe.

## Mako na 4 zuwa na 8: a hannun bakanike

Bakaniken da ya kai wa ya sami lahani na gaske. Iskar tayar gaba awo 19 ce a gejin PSI, alhali littafin babur ɗin 29 ya ce. Tayar kanta ta ci ba daidai ba, ta yi tudu da kwari a gefunanta. Boris ɗin wuyan babur kuma ya saki, domin da aka ɗaga gaban aka kama ƙafafun shokozoba aka jijjiga, ana jin ƙas-ƙas. An canza tayar, an canza boris, an daidaita tayar baya da sarƙa, sannan aka ja igiya daga baya zuwa gaba aka tabbatar tayoyin biyu suna kan layi ɗaya. Shasi lafiyarsa ƙalau.

Karkarwar da kan babur ke yi tsakanin 60 da 70 ta ɓace tun daga ranar, ba ta kuma dawo ba. Layin da yake yi a miƙaƙƙen titi kuwa yana nan, lanƙwasar ma tana nan yadda take. Ya koma sau biyu. A mako na bakwai aka canza shokozoban baya, layin ya ɗan ragu amma bai tafi ba. A ƙarshe bakaniken ya hau babur ɗin da kansa, ya kai shi 100, ya dawo ya ce, "Maigida, ni dai ban ji komai ba." Mahayin ya tafi da zargin cewa mutumin yana gudun ɗaukar laifi ne. Babu wanda ya tsaya a kan abubuwa biyu da ke gabansu a fili, wato bakaniken ya fi shi nauyi da sama da kilo 20, kuma an kwashe kayan akwatin kafin gwajin.

## Mako na 8 zuwa na 11: shawarar abokan hawa

Da gyara ya ƙi kai shi inda yake so, sai ya koma ga waɗanda suka riga shi hawan manyan babura, ya kuwa tattaro shawara uku. An ce ya riƙe kan babur da ƙarfinsa duka idan layi ya taso, kada ya bari ya ƙwace masa. An ce a lanƙwasa ya kwantar da jikinsa ya fitar da gwiwa yadda ake ganin 'yan tsere na yi. An kuma jaddada masa kada ya kuskura ya taɓa birkin gaba da gudu, domin shi ke wuntsila mutum. Wannan ta ukun dama ya daɗe da yarda da ita, har wayar birkin gaban tsohon baburinsa ta yi shekaru a sake bai damu ba.

Ya gwada duka. Riƙon ƙarfi ya sa yana isa wurin aiki da kafaɗu masu ciwo da yatsu a sage, layin kuma ya ƙara tsanani, musamman idan babbar mota ta wuce shi iskarta ta doke ƙirjinsa. Kwantar da jiki ya ba shi ƙwarin gwiwa na 'yan kwanaki, amma gudun da yake iya fita lanƙwasar da shi bai ƙaru ba ko kaɗan.

A mako na goma sha ɗaya ya shiga lanƙwasar da gudun 45, sai ya tarar da wata babbar mota ta lalace ta tsaya a wajen fita, ta ci rabin hannunsa. Ya taka birkin baya da ƙarfi alhali babur na kwance. Tayar ta ƙulle, bayan babur ya zame zuwa dama, shi kuma da ya firgita sai ya ɗage ƙafarsa. Tayar ta sake kama kwalta farat ɗaya a lokacin da babur ke karkace, sai ya miƙe da ƙarfi ya cilla shi ta sama zuwa ɗaya gefen. Wannan faɗuwa ta fi ta farko muni nesa ba kusa ba, domin a ta farko babur ne ya zame daga ƙarƙashinsa ya kwanta, a ta biyu kuwa jefa shi aka yi daga tsayin sirdi. Ya yi targaɗe a wuyan hannun dama, kafaɗarsa ta bugu, hular kwanonsa ta karce sosai har ta bukaci canji. Ya yi mako uku bai hau ba.

## Mako na 14: awo kafin magani

Da ya warke, sai ya nemi wani mai horar da mahaya, da niyyar in wannan ma bai yi ba ya sayar da babur ɗin. Mai horarwar bai taɓa ko ƙusa ɗaya a jikin babur ba. Ya fara da tambaya a kan rawar: shin mai sauri ce da ake ji a tafin hannu kamar karkarwar mai zazzaɓi, ko kuwa mai jinkiri ce da ake ji a ƙugu kamar tafiyar maciji? Mahayin ya yi shiru, sannan ya ce ta farkon ita ce wadda ta tafi bayan gyara, ta biyun ita ta rage.

Wannan rarrabewa tana da tushe. A shekarar 1971 wani injiniya ɗan Birtaniya, Robin Sharp, ya wallafa lissafin da ya nuna cewa babur yana da nau'o'in rashin daidaito daban-daban. Akwai karkarwar gaba, inda tayar gaba da kan babur ke kaɗawa kamar sau shida zuwa goma a daƙiƙa guda, kuma ta fi bayyana a matsakaicin gudu. Akwai kuma layi, inda babur ɗin gaba ɗaya ke kaɗa baya yana karkata, kamar sau biyu ko uku a daƙiƙa, shi kuwa ƙaruwa yake yi idan gudu ya yi yawa. Abin da ke tayar da ɗaya ba lallai ne ya tayar da ɗayan ba.

Daga nan suka shiga wani fili mai kwalta wanda ba kowa a ciki. An ja layi, aka ce ya zo da gudun 40 ya tsaya da iyakar gaggawa daga kan layin. A gwaji biyar ya tsaya tsakanin mita 16 da 18, kuma kowane karo tayar baya ta bar baƙin zane a ƙasa. An jera alamomi takwas, mita 12 tsakanin kowace, aka ce ya ratsa su da gudun 30. Bai taɓa wuce ta huɗu ba tare da ya taka ko ya tsallake ba. Bidiyon da aka ɗauka da waya ya nuna mutum zaune a can baya yana jingine da akwati, gwiwoyin hannunsa a miƙe sambal, cinyoyinsa a buɗe ba su taɓa tanki ba, idonsa a kan kwaltar da ke 'yan mitoci gaban taya. Ko a zagaye mafi tsanani bai kwantar da babur fiye da kimanin digiri 20 ba.

Tambaya ta ƙarshe ita ce yadda yake juya babur zuwa hagu. Ya ce, "Jikina nake kwantarwa, Malam, sai in murɗa kan zuwa hagun."

Ba shi kaɗai ne a wannan hali ba. Binciken da Harry Hurt na Jami'ar Kudancin Kalifoniya ya jagoranta, wanda aka fitar a 1981 bayan bin diddigin haɗurran babur 900 a yankin Los Anjeles, ya gano cewa kashi 92 cikin ɗari na mahayan da abin ya rutsa da su da kansu suka koyi hawa ko a wurin dangi da abokai. Ya kuma gano cewa yawancinsu sukan taka birkin baya fiye da kima har taya ta ja, su kuma ƙi ba birkin gaba haƙƙinsa, sannan iya kaucewa cikin gaggawa kusan babu shi a cikinsu.

## Mako na 15 da na 16: tura kan babur

Darasin farko ya saɓa wa hankalin mahayin ƙwarai. An ce ya miƙe a fili da gudun 30, ya sassauta hannuwa, sannan ya tura mariƙin hagu gaba kaɗan da tafin hannunsa, ba tare da ya motsa jikinsa ba. Ya yi gardama cewa hakan ai dama zai kai shi, tunda tura hagu gaba yana juya taya zuwa dama. Mai horarwar ya ce masa, "Ƙanena, tura dai ka gani." Ya tura, babur ya kwanta hagu nan take ya tafi hagu. Ya tsaya ya sauke ƙafa yana kallon hannunsa kamar na aro.

Dalilin ba boyayye ba ne. Babur ba ya iya shan kwana da gudu sai ya kwanta, kuma hanya mafi sauri ta kwantar da shi ita ce a janye tayoyinsa daga ƙarƙashin nauyinsa. Duk wanda ya taɓa tsayar da sanda a tafin hannu ya san cewa in yana so ta karkata hagu, dama zai kai hannunsa. Tura mariƙin hagu yana karkatar da tayar gaba zuwa dama na ɗan ƙiftawar ido, ƙasan babur ya gusa dama, samansa ya faɗo hagu. Daga nan tayar gaba takan juyo da kanta ta bi kwanar, saboda yadda aka ƙera wuyan babur: inda taya ke taɓa ƙasa yana bayan layin da kan ke juyawa a kansa da kimanin santimita goma, kamar tayar kujerar ofis da ke bin duk inda aka ja ta. Duk mai hawan keke ko babur yana yin wannan turi ko bai sani ba. Wilbur Wright, ɗaya daga cikin 'yan'uwan nan biyu da suka tashi da jirgin sama a 1903, waɗanda asalin sana'arsu kekuna ce, ya faɗi cewa ya tambayi mahaya keke da yawa yadda suke juyawa hagu, bai sami wanda ya ba shi cikakkiyar amsa daidai a tambayar farko ba.

A ƙaramin babur mai tafiya a hankali, ɗan turin da hannu ke yi ba da sani ba yakan wadatar. A babur mai nauyi da gudu kuwa ana bukatar turi na gangan mai ƙarfi, kuma a nan ne riƙon mahayin ya shiga tsakani. Da yake nauyin ƙirjinsa yana kan hannuwa biyu miƙaƙƙu, duk abin da hagu ta tura sai dama ta tare. Abin da ya fi wannan illa shi ne, idan ya ga turaku ya tsorata, sai ya murɗa kan zuwa hagu don ya guje musu, wanda hakan ke miƙar da babur tsaye ya kai shi dama, wato wurin turakun. Batun kwantar da jiki kuma an daɗe da gwada shi a zahiri. Keith Code, mai makarantar horar da mahaya a Kalifoniya, ya sa an ƙera babur mai kai biyu, na biyun a kafe yake a jikin shasi ba ya juya taya. Mahayan da suka riƙe kafaffen kan, duk yadda suka yi da jikinsu, ba su iya juya babur ɗin yadda za a sha kwana da shi ba.

Lissafin lanƙwasar tasa ya fito da sauran bayanin. Don a bi ta da gudun 40 ana bukatar kwanciya ta kimanin digiri 17, da gudun 50 kuwa kimanin 26, domin bukatar tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kansa. Wanda ya tsaya a digiri 20 da gudun 50 da'irar mita 54 yake zanawa a hanyar da ke neman mita 40. Tayar titi mai kyau a busasshiyar kwalta tana ɗaukar abin da ya haura digiri 26 da rata mai yawa.

An haɗa turin da abubuwa biyu. Na ɗaya kallo: ya juya haɓarsa zuwa inda yake so ya fita, domin hannu yana bin ido, kuma wanda ya kafa wa turke ido turken zai samu. Na biyu tsari: ya gama rage gudu kafin ya shiga, ya tura sau ɗaya, ya riƙe totur a daidai yana ƙarawa sannu a hankali. A ƙarshen mako na 16 yana ratsa alamomi takwas da gudun 35 ba tare da ya taɓa ko ɗaya ba.

## Mako na 17 da na 18: birkin gaba

Nan ne tsoro ya fi yawa. Idan aka ja birki, nauyin babur da mahayi yana komawa kan tayar gaba, ta danne ƙasa ta ƙara kamu, ta baya kuma ta yi sakayau. Shi ya sa birkin gaba ke ɗaukar kimanin kashi 70 cikin ɗari na aikin tsayawa, har fiye da haka a tsayawar gaggawa, kuma shi ya sa tayar baya ke saurin ƙullewa. Sharaɗin shi ne a ba nauyin lokacin isowa. An koya masa ya fara da ɗan matsi har ya ji gaban babur ya duƙa, sannan ya ci gaba da matsawa da ƙarfi, duk a cikin kimanin daƙiƙa guda, ƙafarsa kuma ta taɓa na baya kaɗan. Wanda ya damƙe lokaci ɗaya yana ƙulle tayar ne tun nauyi bai iso kanta ba.

A ranar farko ya tsaya a mita 14. Sau ɗaya tayar gaba ta yi ƙara ta ja, ya saki nan da nan kamar yadda aka gaya masa, babur ya miƙe bai faɗi ba. Bayan mako biyu awonsa ya zauna tsakanin mita 10 da 11. Bambancin mita bakwai a gudun 40 yana iya zama ƙarami a ido, amma a gudun 60 tsohon salonsa mita 38 yake bukata, sabon kuwa kimanin 23.

Tsohuwar aƙidar tasa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, kuma mai horarwar bai ɓoye masa ba. A tafiyar ƙafa-ƙafa, idan kan babur na murɗe, damƙar birkin gaba tana kayar da mutum nan take, don haka a irin wannan wuri birkin baya da kuloci ake aiki da su. A cikin lanƙwasa kuma kamun taya rabo ne tsakanin juyawa da tsayawa, abin da ɗaya ya ci ɗayan ya rasa, don haka ko dai a miƙar da babur sannan a matsa sosai, ko a matsa a hankali ana ƙarawa gwargwadon yadda yake miƙewa.

## Mako na 19: layin miƙaƙƙen titi

An gwada abu ɗaya bayan ɗaya. Da farko an bar akwatin cike aka canza zama kawai: ya matso kusa da tanki, ya matse shi da cinyoyi, ya bar gwiwoyin hannu a lanƙwashe yadda zai iya kaɗa su yana tafe. Layin ya ci gaba da tasowa idan babbar mota ta wuce, amma yakan mutu da kansa bayan kaɗawa biyu ko uku. Sannan aka duba littafin babur, aka ga kilo biyar kawai aka yarda a ɗora wa kariyar. Aka mayar da kaya masu nauyi cikin jakunkuna biyu a gefe, ƙasa-ƙasa kuma kusa da tsakiya. Daga nan bai ƙara jin layi ba har gudun 100. An kuma gaya masa idan ya taso wata rana ya duƙo da ƙirjinsa kan tanki, ya rage totur sannu a hankali, kada ya damƙi birki.

## Mako na 20 da watanni shida bayansa

Ya koma hanyarsa a mako na ashirin. Lanƙwasar yana shigarta da 40 zuwa 45, ba don ba zai iya fiye da haka ba sai don ba a hango mafitarta daga mashiga. Bai sake faɗuwa ba a cikin watanni shidan. A wata na huɗu wani katako ya faɗo daga motar da ke gabansa, ya tura dama ya tura hagu ya wuce shi. Da aka sake auna birkinsa a ƙarshen wata na shida, ya tsaya tsakanin mita 12 da 13.

## Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Matsala uku ce mahayin ya haɗa ya sa wa suna ɗaya, kuma wannan haɗawa ce ta cinye masa wata uku. Karkarwar gaba ta babur ce, gyaran bakanike kuma ya yi maganinta sarai. Zargin da mahayin ya yi wa bakaniken bai dace ba. Da mahayin ya fara zuwa wurin mai horarwa da iska 19 da boris a sake, da horon ma bai zauna ba. Kuskuren bakaniken ɗaya ne, ya gwada babur a yanayin da ba shi ne mai shi ke hawa a ciki ba, alhali mahayi marar nauyi da kaya a can baya suna cikin sanannun abubuwan da ke tayar da layi.

Layin kuwa rabi na lodi ne rabi na zama. Shawarar riƙon ƙarfi ta gaza ne domin hannun ɗan Adam ba ya iya bin saurin kaɗawar, gyaran da yake yi yakan iso a makare ya ƙara mata ƙarfi, sannan miƙaƙƙun hannuwa suna ɗaukar duk bugun da iska ta yi wa ƙirji su kai wa tayar gaba. A ganina wannan ce shawara mafi haɗari a cikin ukun, saboda ita ce wadda jiki ke yi da kansa idan ya tsorata, ba sai an ce ya yi ba.

Faɗuwar biyu ba ruwan babur a cikinsu. Ta farko ta fito daga rashin sanin yadda ake kwantar da shi, ta biyu daga dogaro da birkin baya, kuma shekara shida na hawa lafiya ba su nuna ko ɗaya daga cikin gibin nan ba domin gudun 40 a cunkoso bai taɓa tambayarsa abin da bai iya ba. Na'urar ABS, wadda kamfanin BMW ya fara sa wa babur a 1988, da wataƙila ta hana tayar baya ƙullewa a faɗuwa ta biyu, amma da ba ta juya masa babur a ta farko ba. Abin da ya sa horon ya kama shi ne an auna kafin a yi magana, kuma mutumin da ke ganin kansa gwani bai iya musa bidiyon gwiwoyin hannunsa da baƙin zanen tayarsa ba.

Awon ƙarshe ya nuna cewa turin kai ya zauna masa, tunda kullum yana amfani da shi, amma birkin gaggawa ya fara ja baya da mita biyu saboda ya daina atisaye. Shi da kansa ya faɗi cewa a ranar ruwa hannayensa kan sage kamar da, kuma idan abu ya faɗo masa ba zato ƙafarsa ce ke riga yatsunsa isa birki. An shawarce shi da ya riƙa yin tsayawar gaggawa goma a fili sau ɗaya a wata, daga gudun 40, yana rubuta mitocin.